Kano zuwa Jidda: awa nawa ne a sama, kuma me ya sa lokacin zuwa da na dawowa suka saɓa?

Sule Kafin Hausa:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina neman masana harkar jirgi su warware mini wani lissafi. Mahaifiyarmu za ta tafi Umara, kuma tikitin ya nuna tashi daga Kano 22:40, sauka a Jidda 06:25. Na dawowa kuma tashi daga Jidda 15:10, sauka a Kano 19:00. Zuwa ya kusa awa takwas ke nan, dawowa bai cika huɗu ba. Hanyar ce daban ko jirgin dawowar ne ya fi gudu? Sannan da ƙarfe nawa ya kamata a baro gida da ita?

Injiniya Bashir Ringim:
Wa alaikumus salam Malam Sule. Jirgin ɗaya ne, hanyar ma kusan ɗaya ce. Agogo ne ya rikita ka. Kowane lokaci da aka rubuta a tikiti agogon garin da filin yake ne, kuma Saudiyya tana gaba da mu da awa 2 duk shekara. Idan jirgi ya sauka Jidda 06:25, a nan gida 04:25 ke nan na asuba. Daga 22:40 zuwa 04:25 awa 5 da minti 45. A dawowa kuma, 15:10 ta Jidda ita ce 13:10 tamu, zuwa 19:00 ka ga awa 5 da minti 50. Bambancin minti 5 ne kacal. In za ka gabas ka cire biyu, in za ka dawo ka ƙara biyu.

Batun nisa kuwa, daga filin Malam Aminu Kano zuwa filin Sarki Abdul'aziz na Jidda, a miƙe ba karkata, kimanin kilomita 3,400 ne. Zuwa Madina kimanin 3,550.

Garba Direba Jahun:
Injiniya, ni fa lissafin bai shige ni ba. An ce babban jirgi yana yin kilomita 850 zuwa 900 a awa. Raba 3,400 da 850, awa 4 cif. Ina sauran awa biyu saura kwatan suka shiga? Ko su ma suna tsayawa shan mai a hanya?

Injiniya Bashir Ringim:
Malam Garba, rabon naka daidai ne, sai dai ba abin da tikiti yake ƙirgawa ba ke nan. Lokacin da ke kan tikiti yana farawa daga sanda aka tura jirgi baya daga inda ya ɗauki fasinja, ya ƙare sanda ya tsaya cak a ɗaya filin. Tafiyar da yake yi a ƙasa kafin ya hau titin tashi, da jiran izini daga hasumiya, duk suna ciki: minti 10 zuwa 20 a Kano, a Jidda kuwa yakan fi haka saboda faɗin filin da yawan jirage.

Gudun 850 ɗin ma sai ya kai can sama, ƙafa 35,000 zuwa 39,000, yake yin sa. Hawa yana cin minti 20 zuwa 25 kuma a lokacin bai kai cikakken gudu ba. Saukowa tana farawa tun saura wajen kilomita 200, ita ma kusan rabin awa ce, ana ta rage gudu. In aka haɗa wannan, tafiyar da ta bi miƙaƙƙiyar hanya takan kama awa 4 da rabi ko ɗan fiye. Haka alhazai suka san ta shekara da shekaru.

Ragowar kuma Sudan ce. Miƙaƙƙiyar hanyar ta ratsa Chadi, ta ratsa Sudan daga yamma zuwa gabas, ta fita ta gaɓar Bahar Maliya, sai Jidda a ɗaya tsallaken. Da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023 aka rufe sararin samaniyar Sudan, sai ya zama dole jirage su yi zagaye, ko ta kudu su ɓullo ta Habasha, ko ta arewa ta Masar. Zagayen yana ƙara awa ɗaya zuwa biyu, wani lokacin fiye, gwargwadon hanyar da kamfani ya samu izinin bi. Shi ya sa a Hajjin 2023 kamfanonin jigila suka nemi ƙarin kuɗin kujera: man da za a ƙona ya ƙaru. Idan ka ga an rubuta kusan awa 6 a tafiyar kilomita 3,400, to zagaye yana ciki, tare da ɗan rarar mintunan da kamfanoni suke ƙarawa don kada a riƙa cewa sun makara.

Garba Direba Jahun:
To yanzu na gane. Kamar gadar Wudil ta toshe ne a ce sai ka ɓullo ta Ringim.

Malama Hadiza Gumel:
Akwai iska ma, Injiniya bai ambata ba. Jirgi cikin iska yake iyo, gudunsa a kan ƙasa shi ne nasa da na iskar in tana tura shi, ko a cire nata in tana tare shi. Iskar can sama ba ruwanta da wadda muke ji a tsakar gida. Da hunturu, musamman a ɓangaren arewa wajen Masar da Bahar Maliya, mai ƙarfin daga yamma take zuwa, sai tafiya gabas ta fi sauri, dawowa ta fi jinkiri. Daga Yuni zuwa Satumba kuwa akwai wata mai ƙarfi da take tahowa daga gabas ta bi saman Sudan da Chadi, sai abin ya juye, mai dawowa gida ne yake cin riba. Iskar kilomita 60 a awa kaɗai, a tafiya irin wannan, tana iya ƙara ko rage wajen minti 20. Shi ya sa matuƙi yake faɗin lokacin da zai ɗauka bayan an shiga, kuma sau da yawa ba ya yin daidai da na tikiti. Nasa ne na gaskiya, domin da rahoton iskar ranar aka lissafa shi.

Injiniya Bashir Ringim:
Haka ne Malama, kin cike giɓin.

Alhaji Ado Ɓaɓura:
Ku ƴan boko kun tsaya a sama, ni bari in sauko da maganar ƙasa, don a nan ake yin asara. Sule, ɗana, ka fara da kwanan wata. Naku 22:40 ne, babu ruɗu. Amma duk wanda tikitinsa ya nuna 00:30 ko 01:15 na ranar Talata, ya sani tun ranar Litinin da daddare zai kasance a filin jirgi. Mutane da yawa suna zuwa ranar Talata da daddare su tarar jirgi ya tafi tun jiya, kuma kamfani ba ya jin wannan uzurin, sai an biya tara ko a sayi sabon tikiti. Idan kuma ka ga +1 kusa da lokacin sauka, washegari ake nufi.

Sai ka yi lissafinka da baya-baya. Jirgin ƙasar waje ana son mutum ya iso awa 3 kafin tashi, kuma ana rufe awon kaya kimanin awa ɗaya kafin tashi. Ga tsohuwa ka mayar da shi awa 4, wato ta kasance a filin kafin 18:40. Daga Kafin Hausa zuwa Kano ka ware awa 4, ko da direba ya rantse maka uku zai yi. Idan ta Gujungu da Ringim za ku bi, cunkoson yana jiranku daga Jogana zuwa Yankaba da yamma, kuma a kauce wa ranar kasuwar Gujungu. Idan ta Gaya ne, ranar Juma'a Wudil ba ta wucuwa da sauƙi, ga kuma Mariri da Hotoro. Ka ƙara awa ɗaya ta faci da sallah da cin abinci. Ka ga an yi azahar a kan hanya ke nan, ba a gida ba. Ni da za a bi tawa, a kai ta Kano tun jiya ta kwana gidan ƴan uwa, ta shiga jirgi da ƙarfinta.

Sule Kafin Hausa:
Na gode Baba Alhaji. Akwai ƙanwarta a Dakata, can za ta kwana in sha Allahu. Amma wani ya ce mini da daga Dutse aka tashi da an rage hanya sosai, tunda Dutse ta fi gabas.

Injiniya Bashir Ringim:
A sama ba wani abin kirki. Dutse ta fi Kano kusa da Jidda da kimanin kilomita 70, minti 5 ke nan a jirgi. Amfanin filin Dutse a ƙasa yake: mutumin Kafin Hausa ko Birnin Kudu ko Gwaram ya huta da shiga Kano. An buɗe shi a 2014, kuma an sha kwashe maniyyatan Jigawa daga can lokacin Hajji, domin jirgin Hajji shata ce, hukumar alhazai ce take tsara inda zai ɗauki mutane. Mai Umara da tikitin kasuwa kuwa Kano ce tasharsa.

Nura Mai Tikiti Gezawa:
Tunda an zo kan tikitin kasuwa, bari in ja kunne a kan masu yada zango. Za a nuna maka tikiti mai rangwame a ce ta Addis Ababa ne ko ta Alƙahira, ka ɗauka ɗan ratse ne. Kano zuwa Addis Ababa kimanin kilomita 3,300 ne, kusan daidai da Kano zuwa Jidda ɗungurungum, sannan sai an sake yin wajen 1,400 zuwa arewa. Ta Alƙahira kuma kimanin 3,100 ne, sai a ƙara 1,200. Zaman cikin jirgi ya koma awa 7 zuwa 8, ban da jira.

Jiran ne abin dubawa. In bai kai awa ɗaya da rabi ba, jinkiri kaɗan a Kano ya isa ya sa a rasa jirgi na biyu, ko mutum ya samu shiga amma jakarsa ta kwana a can. In ya wuce awa 8, to a tambaya tun kafin a biya ko kamfani yana ba da masauki. Kuma a tabbatar tikiti ɗaya ne mai lamba ɗaya daga Kano har Jidda. Wasu suna haɗa tikiti biyu na kamfanoni daban don ya yi araha. Ranar da na farko ya makara, na biyun ba ruwansa da kai, kuma dole ka karɓi kayanka ka sake awo a ƙasar da ba ka da bizarta. Agogo ma a kula: Addis Ababa daidai take da Saudiyya, Alƙahira kuwa wani lokacin awa ɗaya ce a gabanmu, wani lokacin biyu, domin suna sauya agogo da zafi.

Alhaji Ado Ɓaɓura:
Araha ba ta ado. Tsohuwar da ba ta jin Larabci ba ta jin Turanci, a ajiye ta a filin Addis Ababa ta nemi ƙofa da kanta? Ko nawa ne bambancin a biya.

Nura Mai Tikiti Gezawa:
Alhaji, ba kullum ake samun mai tafiya kai tsaye a ranar da ake so ba, ballantana cikin azumi. In da rakiya babu laifi. Na Malam Sule dai kai tsaye ne, lokutan da ya kawo sun nuna.

Malam Isiyaku Taura:
Akwai abu biyu na addini da wannan lissafin ya shafa. Na farko sallar asuba. Mai tafiya gabas dare yana gajarce masa. Alfijir a Jidda yana ketowa tsakanin wajen 04:15 a tsakiyar zafi zuwa wajen 05:40 da sanyi, a agogonsu. Jirgin da zai sauka 06:25 asuba a sama za ta same shi, kuma a watannin da rana take fitowa da wuri, kafin a buɗe ƙofa ma ta fito. Kada Hajiya ta dubi agogon hannunta ta ga ƙarfe uku ta ce da saura. Ta dubi taga, ko ta tambayi ma'aikatan jirgi. Ta yi alwala kafin a shiga, ta yi magariba da isha a filin Kano, in lokaci ya yi kuma babu wurin tsayuwa ta yi a zaune yadda ta samu iko.

Na biyu harami. Wanda zai sauka Jidda ya wuce Makka kai tsaye, abin da ya fi kuɓuta shi ne ya yi wanka ya shirya tun daga Kano, ya ɗaura niyya a cikin jirgi kafin a kai daidai miƙati, wato iyakar da ba a wucewa sai da harami. Jirage da yawa suna sanarwa, amma kada a dogara da haka, don sanarwar takan zo da harshen da ba a ji, ko ta sami mutum yana barci. Jirgi yana cin kusan kilomita 14 a minti ɗaya, wanda ya tsaya neman zanensa a jaka ya wuce wurin. A ɗaura saura kamar awa ɗaya a sauka. Mace ba ta da wahala tunda tufafinta ne haraminta. Maza su sa zanen a jakar hannu, ba a babbar jaka ba.

Malam Habibu Kiyawa:
Allah gafarta Malam, a yi adalci a faɗi cewa akwai malaman da suka halatta wa wanda ya zo ta yamma, ta tsallaken teku, ya ɗaura a Jidda, bisa cewa bai bi ta kan wani miƙati ba kafin ya iso.

Malam Isiyaku Taura:
Akwai wannan maganar, ban musa ba. Sai dai an gina ta ne a kan wanda ya tsallako daga gaɓar Sudan a miƙe. Yanzu Injiniya ya gaya mana jirgi yana iya ɓullowa ta kudu ko ta arewa, kuma fasinja bai san wacce aka bi ba. Wanda ya taho ta kudu zai daidaita da Yalamlam, wanda ya taho ta Masar zai daidaita da Juhfa. Wanda ya ɗaura da wuri ba wanda zai ce Umararsa ta samu matsala. In kuwa Madina za ta fara zuwa, duk wannan bai taso ba, sai ranar fita ta ɗaura a Zul Hulaifa.

Sule Kafin Hausa:
Makka za ta fara, Malam. Daga saukar zuwa masauki fa, awa nawa za mu sa rai kafin mu ji ta isa?

Hajiya Rabi Hadeja:
Sule, kada ku fara kiran waya da an ce jirgi ya sauka, hankalinku ne kawai zai tashi. Fitowa daga jirgi, layin jami'an shige da fice inda ake ɗaukar hoton yatsu, jiran jaka, wannan awa ɗaya zuwa biyu ne a ranar da babu cunkoso, cikin Ramadan ko Hajji kuwa ya fi. Tsofaffi sukan daɗe wajen yatsu saboda zanen ya shafe, lalle mai kauri a kan yatsu ma yana ƙara wahalar, a bar shi sai an dawo. Daga filin zuwa Makka kusan kilomita 100 ne, awa ɗaya da rabi a mota, in motar ƙungiya ce sai an jira kowa ya fito. Jirgin ƙasa na Haramain yana da tasha a cikin sabon ginin filin kuma bai kai awa ɗaya ba zuwa Makka, amma yana da ƙa'idar kaya kuma ba kowane jirgi yake sauke mutane a wannan ginin ba. Ku sa rai da wajen 10:00 zuwa 11:00 agogon can, wato 08:00 zuwa 09:00 a nan.

Abin da za ta riƙe a hannu: fasfo wanda ya rage masa aƙalla wata 6, biza a takarda, katin rigakafin shawara da na sanƙarau, sunan masauki da lambar jagora a rubuce, da magungunanta a cikin kwalinsu tare da takardar likita. Kada a sa magani a babbar jaka. Mai hawan jini ko ciwon suga ta ci gaba da bin agogon gida a ranar tafiya, sai ta isa ta gyara a hankali. Ruwa ko turare da ya wuce mililita 100 ba ya wucewa a jakar hannu, man shafawa ma haka. Batirin cajin waya kuma akasin haka, a hannu ake riƙe shi. Goro a bar shi a gida, hukumar alhazai kullum tana gargaɗi a kansa. Kuma kada ta karɓi saƙon kowa a filin jirgi, ko da ƙullin kuka ne.

In tafiya tana yi mata wuya, a nemi keken turawa ta wurin wanda ya yanki tikitin, aƙalla kwana 2 kafin tafiya. Kyauta ne, kuma mai tura ta zai wuce da ita layuka. A nema mata kujerar bakin hanya kusa da bayi, don tsofaffi suna ƙin shan ruwa saboda kunyar tashi, ga iskar jirgi busasshiya. Zaman awa 6 ba motsi yana kumbura ƙafa, ta riƙa miƙewa tana ɗan takawa.

Garba Direba Jahun:
Hajiya kin gama magana. Saura hazo. Ba a soke jirgin saboda shi?

Injiniya Bashir Ringim:
Ana yi, daga Disamba zuwa Fabrairu. Ƙurar daga wani kwari take tasowa a arewacin Chadi, kwana ɗaya zuwa biyu ta iso mu. Tashi bai cika zama matsala ba, sauka ce. Akwai iyakar nisan da dole matuƙi ya iya hangowa, galibi wajen mita 800 a filin da na'urar saukar da jirgi take aiki, fiye da haka in ba ta aiki. Jirgin da zai ɗauki Hajiya daga Jidda yake zuwa, in bai samu sauka ba sai ya karkata Abuja ko ya jira, naku tashin ya ja baya da awanni. Da damina hadari ne, shi kuma yakan wuce cikin awa ɗaya ko biyu. Da bazara zafi yana sa iska ta yi sakayau, jirgi mai cikakken lodi ya buƙaci titi mai tsawo kafin ya ɗaga, wani lokacin a rage kaya su biyo baya. Na dare ba ya cika gamuwa da wannan.

Malam Sule, ka karɓi lambar jirgin, haruffa biyu da lambobin da ke kan tikiti, ka sa a Flightradar24, manhajar da ke nuna inda jirgi yake a sama. Ka fara duba mai zuwa daga Jidda tun da la'asar: in ya taso a kan lokaci, naku ma zai tashi a kan lokaci. Amma ko ka ga ya makara ku je filin a lokacin da Alhaji Ado ya faɗa, don sau da yawa ana rufe awon kaya bisa lokacin tikiti.

Sule Kafin Hausa:
Allah ya saka wa kowa da alheri. Ranar dawowa fa, 19:00 ɗin agogonmu ne ko?

Nura Mai Tikiti Gezawa:
Namu ne. Ku ba ta awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi kafin ta fito da kaya, Zamzam ɗin lita 5 yakan fito daban da jakunkuna. Wajen 20:30 ke nan, don haka a sake kwana a Dakata, a kama hanyar Kafin Hausa da safe.